Babban Yatsan Kawu Maikasuwa

Wata huɗu Ukasha ya yi yana jiran madabod ɗin nan, wato babban allon da ake dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa. Ba irin na kwamfutocin ofis ba ne, na masu aiki mai nauyi ne. Shi kuwa zanen gine-gine yake yi a Kazaure, kuma tsohuwar kwamfutarsa ta ishe shi da tsaye-tsaye. Sau uku yana zuwa Kano ana ce masa kaya bai sauka ba.

Ran da ya karɓo, duk da gajiyar mota, sai da ya zarce Roni wurin Kawu Maikasuwa, domin a gidansu ba a taɓa sabon abu sai babba ya sa albarka.

Kawu ya shekara arba'in yana dillancin tumatir, ba ya yabon kaya sai ya latsa. Ya jujjuya allon, ya ɓalle baƙin murfin da ke tsakiya, ga siraran ƙafafun zinariya dubbai jere kamar gashi, waɗanda ko farce ba a kai musu, domin ko ɗaya ta lanƙwashe allon ya lalace. Ukasha ya buɗe baki, amma wa ke riƙe hannun kawunsa? Babban yatsa ya sauka, ƙafafun suka kwanta.

"Da taushi, lallai sabo ne," in ji Kawu. "Allah ya sa ka mora."

Ukasha ya dubi shatin yatsan, ya tuna hanyar Kano.

"Amin, Kawu."