Kujerar Gefen Inji

Sai da ya kai hawa na uku sannan ya lura da faratansa. Baƙin garin tawada ya shige ƙarƙashinsu ya zauna daram, duk da sabulun da ya ƙarar da safe. Ya goga su a jikin wando, bai ga canji ba, sai ya dunƙule hannun a bayan ambulan ɗin takardunsa ya tura ƙofar gilashi.

Safiyo ake kiransa a layin shagunansu, kuma tsokana ce. Ya karanta awon filaye har ya karɓi difloma, amma shekara uku ke nan ko bayan gida bai auna ba. Abin da yake aunawa shi ne takarda, a shagon fotokwafin kawunsa, daga safe zuwa yamma, a kan wata kujerar roba mai karyayyen baya.

Da safen nan Kawu bai ɗaga murya ba. Yana kakkaɓe ƙurar kantar shago ya ce, "Ni ban hana ka ba. Amma kujera ba ta zama babu mazauni. Mutum biyu ke min zarya a kanta. In ƙarfe huɗu ta yi ban gan ka ba, na san ka zama ma'aikaci, sai in ba wani."

"Kawu, wata shida ne fa kawai."

"Wata shida ciki zai tafi hutu? Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni."

Ofishin kamfanin awon ya fi yadda ya zata ƙanƙanta. Ɗakuna uku, doguwar baranda, da taswirori manne a bango har gefunansu sun fara naɗewa. A wani lungu ya hango na'urar awo mai ƙafa uku jingine cikin jakarta. Gabansa ya faɗi kamar wanda ya haɗu da tsohuwar budurwa a kasuwa.

Sakatariya ta rataya masa kati a wuya. Babu suna a jiki, babu hoto, an dai rubuta "Mai Koyon Aiki". Igiyar ta yi baƙi da zufar waɗanda suka riga shi. Ta shigar da shi wurin Manaja.

Manaja mutum ne mai fara'a, irin wanda yake magana yana duba waya.

"Ka san tsarinmu ko? Wata shida. Babu albashi, babu kuɗin mota. Gogewa muke bayarwa, ita kuwa ba a sayen ta a kasuwa. In ka gama lafiya, ga abin da za ka tafi da shi."

Ya zaro wata takarda daga aljihun tebur ya miƙo. Safiyo bai buƙaci karantawa ba. Ya san ta kamar yunwar cikinsa: tambarin da ya karkata hagu, da layin nan mai cewa mai wannan takarda ya nuna ƙwazo da riƙon amana. Ya sha ɗora ta a kan gilashin injin Kawu. Ya ma san fuskokin masu ita. Akwai dogon nan da ke zuwa duk wata ya ƙara kwafi, takalminsa na ƙara cinyewa. Akwai wata mai tabarau da yanzu take sayar da turare a jaka. Akwai kuma guda ɗaya, gajere mai sanƙo, wanda ya zo sau ɗaya tak, daga baya Safiyo ya hango shi da hular kwano a wurin aikin sabuwar gada. Saboda wannan gajeren ne ya hawo benen nan yau.

"Yallaɓai, ana fita fili da masu koyo?"

"Ana fita mana, in an ga dama ta samu. Jira a waje, yanzu za a kawo maka takardar yarjejeniya ka sa hannu."

A kan bencin baranda wani dattijo ne zaune yana juya makullin mota a yatsa. Kowa ya wuce sai ya ce, "Baba Direba, barka da hutawa." Dattijon ya matsa wa Safiyo wuri, ya kalle shi sama da ƙasa, idonsa ya tsaya a kan hannun.

"Ɗana, kai mai fotokwafi ne."

"A'a, Baba, awo na karanta."

"Ban tambaye ka abin da ka karanta ba. Farcenka na tambaya, ya kuma ba ni amsa. Sa hannun nan a aljihu."

Safiyo ya yi dariya, amma dattijon bai taya shi ba.

"A gidan nan, abin da aka fara ganin ka iya, shi ne sunanka har ka tafi. Ka ga wancan mai tire? Difloma biyu gare shi. Ranar farko ya ga Manaja na neman shayi, ya ce bari ya haɗa. Ya kuwa haɗa mai daɗi, tsautsayi. Wata na biyar ke nan, Mai Shayi."

"Kai fa, Baba?"

"Ni? Da kati irin naka na shigo. Ranar da na zo direba bai da lafiya, aka ce wa ya iya mota. Na ɗaga hannu har ina tsalle." Ya jijjiga makullin. "Shekara ashirin da biyu."

Safiyo ya tambaya ko Baba ya san wani gajere mai sanƙo.

"Wayyo, wannan ɗan duniya! Shi ne kaɗai mai wayo. Aka aike shi shayi ya fasa kofi. Aka ba shi fayil ya jera su a juye. Kwana uku Manaja ya ce a tafi da shi daji kada ya ƙarasa mana ofis. Wata shida yana bin Babban Safiyon kamfanin nan a rana. Ka ga inda yake yanzu."

Ana cikin haka injin fotokwafin da ke ƙarshen baranda ya yi wani kuka, ƙarr, ƙarr, ya yi tsit. Jar fitila ta kama.

Sakatariya ta buɗe wannan murfi ta rufe, ta ja wancan. Ta kashe ta kunna. Manaja ya fito da waya a kunne, fara'ar nan duk ta gudu. Takardun neman kwangila ne, kuma ƙarfe biyu za a rufe karɓa. An kira mai gyara, ya ce yana wani gari sai jibi.

Safiyo tun daga kukan ya gane ciwon. Takarda ce ta sha sanyi ta naɗe a bayan abin da ke gasa tawada, wurin da ba ya ganuwa sai an saki ƙaramin koren hannu a gefe. Injin Kawu ƙanen wannan ne, kuma kullum da damina sai ya yi haka. Ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

"Zauna," in ji Baba Direba ƙasa-ƙasa. "Ba gawarka ba ce, kada ka yi mata kuka."

Mai Shayi ya ajiye tire ya buga wa injin tafi a gefe. Wani ya ce a hura masa iska. Manaja ya juya kan Sakatariya.

"Tun jiya na ce ki gama! In kwangilar nan ta kuɓuce, ki tattara jakarki, kada in ƙara ganin ki a nan."

"Yallaɓai, jiya babu wuta..."

"Ni za ki gaya wa wuta?"

Matar ta kai sa'ar babbar yayar Safiyo. Ta durƙusa gaban injin, ta zura hannu inda bai kamata ba, ta fizgo shi da sauri tana yarfewa, ƙarfen ya ƙone ta. Ba ta yi kuka ba, ta dai sa yatsun a baki ta sake miƙa ɗaya hannun.

Safiyo bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Yaya, matsa kaɗan. Wurin nan yana da zafi."

Ya saki koren hannun, ya juya wata 'yar ƙafa sau uku, takardar ta fito a murɗe kamar busasshen ganye. Ya zaro sauran takardun, ya lanƙwasa su, ya karkaɗa su sha iska, ya juya su ya mayar. Ya goge abin jan takarda da gefen hankicinsa. Jar fitilar ta koma koriya. Injin ya ci gaba da aman takardu kamar bai taɓa yin laifi ba. Duka-duka bai kai minti huɗu ba.

"Kai! Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!" Manaja ya daki kafaɗarsa. "Ashe da maganinmu a gida muke wahala. Ku kawo wa Mai Inji kujera a nan."

Daga benci Baba Direba ya kai hannu ya dafe kansa.

Aka tafi da takardun da sauran lokaci. Sakatariya ta kawo masa yarjejeniya da biro, ta ce a hankali, "Allah ya rufa maka asiri, ƙanena." Mai Shayi ya jawo kujera ya ajiye a gefen injin. Ta roba ce, fara. Safiyo ya zagaya ya duba bayanta. A tsage yake, an ɗaure da waya.

Ya ɗauki yarjejeniyar ya ƙwanƙwasa ƙofar Manaja.

"Yallaɓai, zan kula da injin. Amma a rubuta a nan cewa kwana uku a mako zan bi masu fita awo."

"Haba, Mai Inji, daga zuwa sai sharaɗi? In ka tafi daji ya tsaya fa? Ka fara tukuna. Bayan wata uku ko huɗu sai mu duba."

"A rubuta wata ukun, to."

"Mu nan da amana muke aiki, ba da rubutu ba," in ji Manaja, idonsa a kan waya.

Safiyo ya tsaya kaɗan. Ya tuna yadda Inna ta goge masa rigar nan da asuba tana gaya wa maƙwabciya ta katanga cewa ɗanta zai fara zuwa ofis. Ya tuna na'urar nan mai ƙafa uku a lungu. Sannan ya cire katin daga wuyansa ya ɗora a kan takardar da bai sa wa hannu ba.

"Na gode, Yallaɓai. A riƙa ajiye takardu nesa da taga, sanyi ne ke kama su."

A ƙasan bene ya tarar da Baba Direba yana wanke gilashin mota.

"Na ce ka zauna, ka ƙi."

"Hannunta fa ya ƙone, Baba."

"Na gani." Dattijon ya matse tsumma. "Saurara. Ranar Asabar Babban Safiyo yana fita aikin kansa, ni ke kai shi. Kullum yana mitar ba shi da mai riƙe masa sanda. Ba zai ba ka ko sisi ba, marowaci ne na bugawa a jarida. Takardar yabo ma babu. Amma bakinsa ba ya shiru, kafin rana ta faɗi sai ya juye maka abin da ke kansa, ko kana so ko ba ka so."

"Ƙarfe nawa?"

"Shida, a bakin gidan mai. Kuma in taya ta yi faci a hanya..."

"Ban iya ba."

"Yawwa. Ka fara hankali."

Motar haya ta tsaya a kowace kwana kamar da gayya. Huɗu saura minti goma ya shiga shago yana haki. Kawu ya dubi agogon bango, ya dube shi, ya ɗauke jakar da ya ɗora a kan kujerar.

"Har an sallami ma'aikata?"

"Kawu, Asabar nake so ka riƙa ba ni. Zan bi wani awo."

"Nawa zai ba ka?"

"Ba ko sisi."

"Ikon Allah. Ka gudo daga aikin banza, ka samo wani aikin banzan. Wannan karatu naku akwai albarka." Ya juya ga kanta. "Asabar ɗin ka tabbata ka cika min tawada tun Juma'a."

Wani saurayi ne tsaye yana jira, rigarsa a goge, ambulan a hammata. Ya zaro takarda da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Safiyo ya ga tambarin da ya karkata hagu.

"Kwafi nawa?"

"Ashirin. Jiya na gama da su, wata shida cif. A yi min mai kyau, don Allah."

Safiyo ya kwantar da ita a kan gilashi, ya daidaita gefenta.

"Me suke kiranka a can?"

Saurayin ya yi murmushin jin kunya. "Ya aka yi ka sani? Mai Janareta."

Safiyo ya rufe murfin ya danna maɓalli.