Ƙofar da Ruwa Ya Fasa

Kyari ya kashe babur a gindin dutsen da ke bayan garin Roni, ya sauko da 'yarsa Bahijja. Shekararta tara, kuma tun ƙyandar da ta yi tana jaririya idanunta suka rufe.

Hoto ne ya kawo su. Ƙanensa Daudu, direban tirela, ya turo shi daga Gana inda yake jiran lodi: wani ƙaton dutse tsaye a bakin teku, da ƙofa a tsakiyarsa wadda mota za ta iya ratsawa. Duk gidan aka taru a kan wayar ana ta salati. Bahijja ta ja wa Kyari riga.

"Baba, wa ya fasa masa ƙofar?"

"Ruwa ne, in ji baffanki."

"Ruwan da nake sha?" Ta tura baki. "Don ba na gani ne kuke faɗa mini haka."

Maganar ta tsaya masa a rai. Bai taɓa yi mata ƙarya ba, amma shi kansa iyakar ruwan da ya sani dam ɗin Kazaure ne. Sai ya nufi maƙwabciyarsu Malama Amna, mai koyarwa a firamare. Ta saurare shi tsaf, ta ce, "Malam Kyari, bayani ba zai gamsar da ita ba. Ka kai ta inda ruwan damina yake gangarowa daga dutse, ka bar hannunta ya yi aikinsa. Ka tafi da ruwa a gora."

Yanzu ga su a wurin. Ya ɗora tafinta a saman dutsen.

"Kaushi," ta ce.

Ya gangaro da hannun zuwa hanyar ruwan. Ta tsaya, ta sake shafawa.

"Nan kuma sumul, kamar cikin ƙwarya!"

Ta ƙwace hannunta ta ci gaba ita kaɗai, tana rarrafe, har yatsunta suka faɗa wani rami mai kama da turmi. Ta laluba ƙasansa, ta ciro 'yan tsakuwoyi masu santsi, ta juya su, ta mayar.

"Baba, zuba ruwan nan. Da ƙarfi."

Ya tuntsura gorar. Tsakuwoyin suka yi ta zagaye suna gogar bangon ramin, hannunta na ciki. Fuskarta ta washe.

"Ashe ba shi kaɗai yake yi ba! Da tsakuwa yake niƙa."

Kyari ya yi tsaye da gora a hannu yana kallonta. Tun yana yaro yake tsallake ramin nan, bai taɓa tambayar wanda ya haƙa shi ba.

"Wannan na damina ne kawai," ya ce a hankali. "Na teku kuwa, an ce ba ya hutawa."

"To kira mini Baffa in ji."

Daudu ya ce a ba shi lokaci ya taka bakin ruwan. Suka jira a inuwar dutsen har wayar ta yi ƙara. Kyari ya kara mata a kunne. Wani rugugi ya taso, ya daki wani abu, ya ja da baya, ya sake dawowa.

"Kin ji shi, Bahijja?" in ji Daudu.

"Baffa, don Allah yi shiru," ta ce. "Yana aiki."