Lamba Mai Bakwai Uku

Ana cikin raba masa ta sadakar uku wayata ta sake ruri a aljihu. Lambar nan ce mai ƙarewa da bakwai uku. Na haddace ta ne don yadda suka jeru, kamar sandunan tsofaffi a ƙofar masallaci.

"'Yan sakawa ne, macuta masu damfara ta waya," na ce wa Imurana tela da ke gefena a benci. "Kira na biyar ke nan. Mace ce, da Turanci. Tana farawa nake kashewa."

"Kawo, Baba Gajere, yau sai sun ji zagin 'yan unguwar Maamobi."

Ya kara a kunne. Bai zagi kowa ba. "Yes, madam," kawai yake ta faɗa.

Ruhaina muke wa makoki, 'yar maƙwabciyata Fusena mai koko. Shekararta sha shida. Tun bayan Sallah ta daina magana, ta daina zuwa makaranta. Takan zauna a kan dutse bayan ɗakina tana kallon wani ƙadangare mai wutsiya biyu, ni ma ina kallo. Na ɗauka na sami abokiyar ganin abin mamaki ne. Ranar Talata aka same ta. Yadda aka same ta, a Zongo ba a faɗa.

Imurana ya dafe bakin wayar.

"Baba, daga asibiti ne. Wai gwamnati ta ɗauki masu zama da yara su saurari damuwarsu. Makaranta ta tura sunan Ruhaina. Sati uku ke nan suna nemanta."

"To me ya kawo su wayata?"

Fusena na tsaye bakin zaure da farantin masa. Ta ji komai.

"Ni na ba su, Baba. Tawa kullum tana hannun mutane. Wani ya ɗauka, gobe unguwar Nima duka a ce 'yata ta haukace. Kai kuma ba ka da surutu."

"Fusena, ai da kin faɗa mini."

"Kunya na ji." Ta gyara mayafi. "Da na ji shiru, na ce gwamnati ce, ta manta."

Ta sa mini masa biyu a hannu, ta wuce benci na gaba.

"Tana tambaya," in ji Imurana, "ko Ruhaina za ta iya zuwa Litinin."

Na karɓi wayar, na zagaya bayan ɗaki. Ƙadangaren yana kan dutsen, yana shan rana. A tafin hannuna muryar matar, 'yar ƙarama, tana ta cewa, "Halo? Halo?"