Nauyin Goggo

Mai Hoto ya daɗe yana ɗaukar wa jaridu hotunan wasanni, kuma duk wanda ya san shi a filin wasa, da Goggo rataye a kafaɗa ya san shi. Goggo ba mutum ba ce. Dogon gilashin kyamara ne mai jawo nesa kusa, fari, tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa yatsu, nauyinsa kamar na jaririn da ya sha ya ƙoshi. Shi ya raɗa mata sunan, wai don ba a ɗaga ta da hannu ɗaya, ba a kuma ajiye ta sai an yi mata shimfiɗa.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ƙafafunsa suka kumbura, matakalar benensu ta gagare shi, ranar asibiti ma sai maƙwabta sun tallabe shi. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ita ke jinyarsa. 'Yarsu tilo, Barewa, 'yar tsere ce, kuma tun tana ƙarama ba ta taɓa yin gudu a fili mahaifinta bai ɗauka ba. A shekarar ne aka zaɓe ta shiga babbar gasa, ta farko a rayuwarta.

Wata safiya Malama tana shafa masa mai a ƙafa, ya nuna mata jakar da ke saman kabad.

"Sauko min da Goggo, Malama. Ke za ki ɗauko min yarinyar nan."

"Ni? Ko a waya na ɗauki mutum sai na yanke masa kai. Ga abokan aikinka nan birjik, ka roƙi ɗaya mana."

"Su wadda ta zo ta ɗaya za su bi, aikinsu ke nan. Ke kaɗai ce za ki bi ta ko da ita ce ta ƙarshe."

Ba ta ƙara musu ba. Ta sauko da jakar, ya ɗaura gilashin a jikin kyamarar, ya miƙa mata. Tana karɓa bakin gilashin ya rinjaya ƙasa, saura kaɗan ya daki ƙarfen gado.

"A'a! Za ki kashe min Goggo ina raye?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ba kyamarar za ki riƙe ba. Sa tafin hagunki a ƙarƙashin gilashin, nan tsakiya inda nauyin yake. Hannun dama aikinsa danna maɓalli kawai."

Ta tambaye shi me zai hana ta tafi da ƙarfen nan mai ƙafa uku. Ya ce a cikin 'yan kallo za ta zauna, ba wurin kafa shi, kuma mai gudu ba ya jiran a daidaita ƙarfe.

Haka tagar ɗakin ta zama ajinsu. Kullum in ta dawo daga makaranta ta ba shi magani, sai ta tsaya a bakin taga, shi kuma yana jingine da filo yana ba da umarni. Ta raba ƙafafu, ta hagu gaba kaɗan. Ta manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari. Ta danna kyamarar a goshi har ta bar mata shaida. Ta saki numfashi rabi, sannan ta danna a hankali, ba kamar mai kashe sauro ba. Ta fara da tantabarun da ke rufin gidan da ke kallonsu, daga nan ta koma kan masu babur da ke wucewa a titi, tana juyawa da ƙugu tana bin su.

"Kada ki murɗa zoben gilashin har ƙarshe tun farko," in ji shi. "Nemo mutum tukuna yana ƙarami, sannan ki jawo shi. In kin gaji ki sauke ta a ƙirji ki huta. Ba jarumta ake nema ba."

Kafaɗarta ta yi tsami har rubutu a allo ya zame mata aiki. Wata rana ta ajiye kyamarar a kan gado da ƙarfi, ta ce ita ta gaji, ga jinya ga makaranta ga wannan jarabar. Ya jawo kyamarar zuwa cinyarsa, ya yi ƙoƙarin ɗaga ta zuwa idonsa. Ta taso kaɗan, ta rinjaye shi, ta koma. Ya sake gwadawa. Daga nan ya juya fuskarsa bango. Malama ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, sannan ta ɗauki abarta ta koma taga.

Ranar gasar, ƙanwarsa ta zo ta zauna da shi. Filin ya cika maƙil. Malama ta sami wuri a bakin shingen ƙarfe, wani ƙato a gefenta yana ta tsalle yana bugun kafaɗarta. Ta lalubo layin 'yan tseren, ta murɗa zoben a hankali, sai ga fuskar Barewa ta cika mata ido, kusa kamar ta miƙa hannu ta share mata gumi. Yarinyar tana cizon leɓe. Malama ta ga ta waiga gefen fili, inda masu hoto ke durƙushe a jere, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sunkuyar da kai.

Aka harba bindigar tashi. Malama ta firgita, komai ya ɓace mata, sai sama, sai ciyawa, sai rigunan mutane. Hannunta na hagu ya ɗau zafi kamar an zuba masa garwashi. Ta manne gwiwar hannu a jiki, ta rage jawowar, ta sake samo Barewa a kan kwana, ta bi ta tana dannawa, hawaye na hana ta gani sosai. Barewa ta zo ta biyar.

Da suka dawo gida, yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga.

"Ta biyar na zo, Baba."

"Shigo, 'yar nan. Ba ke na tambaya ba, Goggo za ta gaya min."

Suka zauna a gefen gadon, ya riƙa wuce hotunan a ƙaramin allon kyamarar. Ga gajimare. Ga tumbin alƙalin wasa. Ga takalmin wani, shi kaɗai.

"Malama, wannan tumbin kin ba shi haƙƙinsa," ya ce, har Barewa ta yi dariya cikin kuka.

Can sai ya tsaya. Ga ta a kan kwana, ƙafafunta biyu duk a sama, jijiyar wuyanta a miƙe, mutanen baya sun narke sun zama launi. Gefen gwiwar hannunta ya ɗan fita daga hoton. Ya daɗe yana kallo, ya matso da allon dab da idonsa.

"Yaushe ta yi tsawo haka?" ya ce a hankali.

Bai yi wata guda ba bayan nan. Ya rasu da hantsi, Malama tana sauya masa riga.

Da aka sauko da gawarsa aka sa a mota, Malama tana can sama. Ɗakin ya cika da mata, ana ta ba ta haƙuri, ita kuwa ba ta jin komai. Ta ja jiki zuwa taga. Motar ta riga ta fara tafiya, tana ƙanƙancewa a cikin ababen hawa. Ba ta san lokacin da ta ɗauko kyamarar ba. Ta ɗaga, ta nemo motar, ta jawo ta kusa. Ta ga bayan kan ƙanen mijinta ta gilashin baya, ta ga gefen farin ƙyalle. Motar na nisa tana ƙara murɗa zoben, har ya kai inda ba ya ƙara juyawa. Ba ta danna maɓallin ba. A wajen shagon mai gyaran taya motar ta karya kwana.

Wata tsohuwa a bayanta ta ce, "Ikon Allah, hoto kuma a yau?"

Barewa ta ce, "Ku ƙyale ta, Inna."

Malama ta ci gaba da kallon kwanar. Wata mai tallar lemo ta tsallaka, mai gyaran taya ya fito ya watsar da ruwa a titi. Sai da ƙanwar mijinta ta dafa ta, ta ce ga shugabar makarantarsu nan ta zo gaisuwa da malamai, sannan ta sauke hannu, ta gyara mayafinta, ta fita falo.