Mai Ɗanɗanon Alkakin Juwairiyya

Duk Ƙofar Guga ba wanda bai san aikin Malam Hashimu ba. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa, shi ne mai ɗanɗano. Matarsa Juwairiyya ke yin alkaki da nakiya da dubulan na gara, kuma ba farantin da zai fita gidan bai bi ta bakinsa ba. Ni dai ban taɓa ganin mai riƙon aiki da gaskiya irinsa ba. Aibinsa ɗaya, ɗanɗanon nasa ba ya tsayawa a guda.

Sai ƙishirwa ta sako shi gaba, buta kuma ta daina hutawa. Juwairiyya ta aro ɗan injin awon suga a maƙwabta, ta tsire masa yatsa, lamba ta haura sama. Nan take ta sauke shi daga kan aiki.

Malam ya ɗaukaka ƙara. Ya tafi wani ɗakin awo a cikin gari, aka yi masa babban awon nan mai nuna yadda sugan mutum ya kasance a wata ukun da suka wuce. Sakamako ya fito lafiya lau. Ya dawo gida hula a karkace.

"Juwairiyya, zo ki ji shari'a. Shaidu biyu ne. Guda yaro ne, bai san komi ba sai abin da ya gani da sahen nan. Guda dattijo ne, wata ukku yana zaune cikin jinina. Maganar wa alƙali za shi ɗauka?"

Ta ce, "Malam, yaron nan hwa kullum magana guda yake yi."

"Ƙuruciya ce."

Ya koma bakin aiki, har da biyan bashin kwanakin da aka dakatar da shi. Ba a jima ba ido ya fara yi masa hazo. Wata safiya mu maƙwabta muka same shi a ƙofar gida yana gaisawa da buhun gawayi, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, har ya fara jin haushin rashin amsa. Mun yi dariya, amma wallahi ya ba ni tausayi. Ranar nan Juwairiyya ba ta saurari wata shari'a ba, ta tura shi cikin Keke Napep sai asibiti.

Likitar, wata mai suna Ramla, ta ji bayanin shaidun biyu ba ta ko murmusa ba. Ta tambaye shi ko ya san nau'in jininsa. Ya ce lokacin da ya yi aure ba a wannan bincike. Ta sa aka auna, aka kuma sake awon suga ta wata hanyar.

"Baba, jininka AC ne. Gadonsa ake yi daga uwa ko uba, kuma shi kansa bai hana ka komi ba. Sai dai wasu injinan babban awo ba su karanta irinsa daidai, wanda aka yi maka da shi rage lamba ya yi. Suga kam kana da shi."

"Dattijon ƙarya ya yi mani ke nan?"

"Karatun jininka ne bai iya ba."

"Da girmanshi!" in ji Malam. "Allah wadaran naka ya lalace."

Aka rubuta magani, aka yanke masa zaƙi. A gida kuwa garar wani biki na jiran a fitar. Malam ya zauna gefen tabarma yana kallon alkaki na ɗigar zuma, ya ce cikin damuwa, "To yanzu wa za shi gaya maki in ya yi? Sana'arki ta mutu, Juwairiyya."

Ta ci gaba da jera alkaki a faranti. "Malam, tun ban yi aure ba nake wannan aiki. Da hannu nake sanin ya yi."

"To ni mi nake yi duk shekarun nan?"

"Ka bar makaranta ka zo ka zauna kana kallon bango, ko magana ba ka yi. Na rasa yadda zan yi da kai."

Malam ya share ido da bakin riga.

"Yanzu sai in koma ma bangon?"

Ta miƙa masa mafici. "Ƙuda na damuna."

Ya karɓa, ya gyara zama dab da farantin, ya fara fifita da gaske.