Giyar Shekarar Ƙanƙara

Shekarar da aka haifi Solange, ƙanƙara ta sauko wa tsaunin Cornas ana dab da fara tsinkar inabi, ta yi wa gonaki raga-raga. Manoma suka kwashe ɗan abin da ya tsira suka miƙa wa 'yan kasuwa don a gauraya da na wasu, kowa ya huta. Celestin, mahaifin Solange, shi kaɗai ya ƙi. Shi da matarsa Honorine suka riƙa bin itacen inabi ɗaya bayan ɗaya, suna cire 'ya'yan da suka fashe da yatsu, jinjirar tana kwance a kwando cikin inuwa. Duk wahalar nan ganga guda ta ba su.

A ƙauyen, giyar shekarar da aka haifi yaro ita ake ajiyewa har ranar aurensa. To Celestin ya ce 'yarsa ba za ta sha ta aro ba.

Da giyar ta kwanta, ƙaninsa Firmin ya sauko ɗakin ajiyar giya na ƙarƙashin ƙasa ya ɗanɗana. Ta inabin Syrah ce tsantsa, baƙa wuluk, ga bauri mai kama harshe. Mai ɗanɗano tofarwa yake yi, wannan kowa ya sani, ba raini ba ne. Amma tofin Firmin daban yake. Sai da ya yamutsa fuska, ya kurkure baki, sannan ya watsar da ƙarfi.

"Yaya, wannan ai ta jeme fata ce. Ka kai wa majema."

"Ba ta farka ba ne," in ji Celestin. "Ranar auren yarinyar nan za ta yi magana."

Daga nan abin ya zame wa Firmin wasa. Duk shekara sai ya zo, a buɗe kwalba, ya kurɓa ya tofar, ya ba da labari a kasuwa a yi dariya. Ko sau ɗaya bai taɓa haɗiye giyar wansa ba. Celestin bai kai ga ranar da yake jira ba, ciwon zuciya ya ɗauke shi Solange tana makarantar sakandare. Honorine ta ci gaba da hawan tsaunin ita kaɗai, ta kuma kulle sauran kwalaben ta hana kowa taɓawa.

Yau ga ranar ta zo. An jera tebura a tsakar gida, ana ta kai gasasshen rago da cuku, dangin ango sun zo daga arewa da hayaniyarsu. Honorine ta fito daga ɗakin ƙasa rungume da kwalabe masu ƙura. Ita kanta ta daɗe ba ta ɗanɗana ba. In giyar nan ta mutu, to maganar mijinta ta mutu a gaban mutanen ƙauye, kuma Firmin ne zai yi mata jana'iza da bakinsa.

"A'a, matar yaya, ashe da gaske kike?" Firmin ya taso da tumbinsa. "Baƙi fa gare mu. Me suka yi miki?"

"Kai dai zauna, uban 'yan surutu. Bakinka ya tsufa bai koyi hutu ba."

Ta zare toshiyar kwalbar farko. Kafin ta ajiye, Firmin ya riga ya kai hanci. Wani wari ya taso, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci caca.

"Jama'a, ku yi mata addu'a! Na faɗa tun yarinyar nan tana zanen goyo."

Aka yi 'yar dariya. Mahaifin ango ya sunkuyar da kai don kunya. Solange ta matso cikin farar rigarta, ta kama hannun uwar.

"Mama, bar shi kawai. A kawo ta bara, ai tana da daɗi."

Honorine ta ji kamar ta fashe da kuka, amma haushi ya fi kukan ƙarfi. Wanda aka haifa a tsaunin nan, a ce bai san Syrah da ta daɗe a rufe takan fito da fushi ba? Firmin ya sani sarai, ɗoki ne ya rufe masa ido. Sai dai ita ma ba ta da tabbas ko fushi ne ko mutuwa. Ta juye giyar a hankali cikin tulun gilashi mai faɗin gindi, ta ajiye a inuwar bango.

"Ba wanda zai taɓa. Ku ci namanku. Wadda ta yi wannan dogon barci ba a tashinta da ihu."

Aka ci, aka yi waƙa, aka yi rawa. Honorine kuwa idonta yana kan tulun. Sai da inuwa ta rufe rabin tsakar gidan sannan ta tashi ta zuba kaɗan a kofi, ta juya shi, ta kai hanci.

Warin ya tafi. Ƙamshin masoro ne ya fara tasowa, sai na baƙin zaitun, can ƙasa kuma wani abu kamar ƙyafaffen nama da furen daji. Ta kurɓa. Baurin nan mai kama harshe ya yi laushi, ɗanɗanon ya zauna a baki ya ƙi tafiya. Ta tuna yatsun Celestin, jajaye da ruwan inabi, da yadda yake hura wa kowace ƙwaya kafin ya jefa a kwando. Alfahari ya cika mata ƙirji har ta rasa inda za ta sa shi.

Ta zuba wa amarya da ango, ta zuba wa baƙi. Surutu ya ɗauke daga tebur zuwa tebur. Daga ƙarshe ta cika kofi ta dangwara a gaban Firmin, ta jawo bokitin tofi da ƙafa ta ajiye masa kusa da takalmi.

"Ga bokitinka nan. Bismilla."

Firmin ya shinshina, ya sake shinshinawa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, yana juya ta a kan harshe. Ya dubi bokitin. Kowa ya zuba masa ido, har masu kiɗa sun tsaya. Sai aka ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Baffa, ka haɗiye!" Solange ta ce da ƙarfi.

Firmin ya shanye sauran. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, hawaye yana bin kumatunsa, ya miƙa wa Honorine kofin.

"Ƙara min, matar yaya."

"Ta jeme fata?"

"Ta Celestin," in ji shi.

Honorine ta ture bokitin gefe, ta cika masa kofin har baki.