Ƙofar Ɗakin Hajo

Kafinta na zare ƙusar ƙarshe ke nan Hajo ta shigo gidan, da kaskon wainarta a ka, bai ma huce ba.

"Kai, kai, bawan Allah! Me ƙofar ta yi maka?"

Kafintan ko waiwaye bai yi ba. Shamsuddin ne ya amsa, ɗan farin maigidan, mai shagon wayoyi a kasuwar Bilak ta Ajame. Yana tsaye a tsakar gida, waya a kowane hannu.

"Madam Hajo, tun kafin azumi na gaya miki. Za a rushe wannan layin a ta da bene. Ni ban kore ki ba. Ƙofar gidanmu na cire, shi ke nan."

Madam. Yaron da ta goya a bayanta lokacin da uwarsa ke kwance asibiti, wanda bai iya barci sai ya cusa hannu a wuyan rigarta, yau ita ce Madam. Ta sauke kaskon a hankali, tana kallo aka kinkimi ƙofar aka kai ta magazan da ke bakin titi, ɗakin da Shamsuddin ke ajiye kayan shagonsa, aka danna kwaɗo. Kowa a Abijan ya san wannan dabara. In mai gida ya gaji da jiran kotu, sai ya cire ƙofa ko ya ɗaye kwano, ya bar sauro da ruwan sama su kori mutum.

Matan gidan suka leƙo, suka koma. Wa zai ce uffan, alhali kowa da tasa ƙofar?

Hajo ta shiga ɗakin da ya zama kamar rumfar kasuwa, ta sauya zane, ta kwance mabuɗi daga bakin mayafinta ta dube shi. Tun zamanin mijinta Babani haka dokar gidan Alhaji Kalla take a unguwar Aras: mai shiga ya fasa goro da maigida, mai fita ya sa mabuɗi a tafin hannun maigida, ba a ba ɗan aike.

Maigida kuwa yana can Ajame gidan 'yarsa Saudatu, tun da ciwon ƙirji ya kayar da shi.

Ta hau jirgin ruwa a tashar Tireshbil. Tana zaune gefen taga, ruwan na feso mata gishiri, sai shekaru suka yi ta dawowa. Mota ɗaya ta kwaso su daga Madawa, Kalla da Babani samari, ita amarya da ƙunshi a ƙafa, zaune bisa buhunan albasa. Kalla ya yi sa'a a fataucin goro ya sayi gida, Babani ya tsaya kan keken ɗinkinsa. Ranar da suka tare, Kalla ya fasa farin goro, ya ba Babani rabi, ya ce, "Ɗakinka ne har ka gaji da ni." A lokacin tsakar gidan cike take da huhunan goro da baƙi daga Maraɗi, da Kano, da Kumasi, kowa da butarsa da labarinsa. Da la'asar a baza tabarmi, rediyo ɗaya unguwa duka ta saurara. Yanzu Babani na maƙabartar Kumasi ta Abijan, baƙin sun ƙare, saura ita da kasko.

Da jirgin ya sauke ta a Filato, ta shiga mota har Ajame. Saudatu ta tarye ta a bakin ƙofa, ido jawur.

"Inna Hajo, sannu da hanya. Ki yi masa magana a hankali, likita ya ce sai addu'a."

Alhaji Kalla ya rame har zoben azurfarsa na yawo a yatsa. Amma idon nan na mai goro, wanda ke gane ɗan ƙwarai tun daga nesa, yana nan yadda yake.

"Matar Babani! Yau waina ta yi kwantai ne kika samu sukunin zuwa?"

"Wainata ba ta kwantai, Maigida, kai ne shaida. Ya jikin?"

"Jiki ya gama nasa. Me kika ɓoye a hannu?"

Ta durƙusa ta sa masa mabuɗin a tafi. Ya daɗe yana kallonsa.

"Kin gaji da ni ke nan."

"Ban gaji ba. Ƙofar ce babu, to mabuɗi me zai buɗe?"

Kafin ya ce wani abu aka yi sallama. Shamsuddin ne, tare da wani dogon mutum cikin kwat, riƙe da jaka. Da Shamsuddin ya ga Hajo sai ya ɗan ja da baya, sa'an nan ya daure ya shigo.

"Baba, ga Metir Abdulbaƙi, lauyan asiransin nan da na yi maka. Hannu kawai za ka sa, ya kai maganar ɗakunan nan kotu."

Hajo ta san zancen, don har a tsakar gida Shamsuddin ya sha yin alfahari da shi. Inshora ce ta masu gidajen haya: in rigima ta tashi tsakanin mai gida da ɗan haya, ko da mutanen haraji, kamfanin ne zai biya lauya da kuɗin kotu. Bara ma ita ta fitar da su lokacin da aka ninka musu harajin gida bisa kuskure. Ranar nan Alhaji ya sa wa Shamsuddin albarka. Ba ta taɓa zaton ita za a juyo wa da wannan wuƙar ba.

Lauyan ya gaishe da tsoho cikin Hausarsa ta 'yan Abijan, rabi Faransanci. Alhaji ya sa aka jingina shi da matashi.

"Malam lauya, ni jahilin boko ne, ka fahimtar da ni. Wa kake wa aiki?"

"Kai, Alhaji. Gida sunanka, asiransi sunanka. Ni lauyanka ne."

"Ba na wannan yaron ba?"

"A'a. Shi dai ya kawo ni."

"Madalla. In ɗan haya ya yi mini ɓarna a gida fa?"

"Wannan yana ciki sosai. Mu rubuta masa, in ya ƙi gyarawa mu kai shi gaban alƙali. Ko sisi ba za ka biya ba."

"To ina da ɗan haya maɓarnaci. Yana riƙe da magazan bakin titi. Ranar da ya karɓa na fasa goro da shi kamar kowa, yana biya duk wata kamar kowa, don a gidana ba ɗan gata. Yau ya cire mini ƙofa ba da izinina ba. Ka rubuta masa."

"Baba!" in ji Shamsuddin. "Me ke nan? Ni na biya asiransin nan fa!"

"Allah ya yi maka albarka, ka yi abin kirki. Malam lauya, rubuta."

Metir Abdulbaƙi ya dubi ɗa, ya dubi uba, ya goge zufa, ya zaro alƙalami.

"To, Alhaji. Sunan ɗan hayan?"

Saudatu ta rufe baki da mayafi. Hajo ta sunkuyar da kai, don ta san abin da lauyan bai sani ba. Alhaji Kalla mutumin da ne, bai taɓa kama sunan ɗan farinsa ba. Tun ranar suna, "wannan yaron" ne, ko "kai", ko "yayan Saudatu". Ko a makaranta Babani ya je ya rubuta shi, don kada uban ya furta.

"Saudatu za ta faɗa," Hajo ta ce da sauri.

"A'a, matar Babani. Mai ƙara shi ke faɗin sunan wanda yake ƙara." Tsohon ya ja numfashi, ƙirjinsa na kuka. Ya ɗago ido ya dubi ɗansa sosai. "Shamsuddin. Shamsuddin Kalla. Babani ne ya zaɓa masa sunan, Hajo ta yi wainar suna."

Wayar hannun dama ta suɓuce wa Shamsuddin ta faɗi kan siminti. Bai duƙa ya ɗauka ba. Mutum ne mai furfura a gemu, yana da 'ya'ya a jami'a, amma ya tsaya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Baba, sake faɗi," ya ce a hankali.

"Sau ɗaya ya isa. Kada ka sa in faɗe shi gaban alƙali."

Lauyan ya mayar da murfin alƙalaminsa. Ya ce a ganinsa wannan shari'a ba za ta kai kotu ba, ya yi sallama ya fita, takardarsa fara fat.

Washegari da hantsi Alhaji ya kafe sai an mayar da shi Aras. Saudatu ta yi kuka, ta yi magiya, ya ce shi ba zai mutu a gidan suruki ba yana da nasa. Aka kwantar da shi kan tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Shamsuddin ya buɗe magaza. Bai kira kafinta ba. Da kansa ya ɗauko ƙofar a ka, cikin shaddarsa, matan gida na leƙe, ya ari guduma ya hau bugu. Mai sayar da waya ina ya san aikin katako? Ya doki yatsa, ya lanƙwasa ƙusa, ƙofar ta hau a karkace.

"Ta karkace," in ji Hajo.

"Bar ta," in ji Alhaji. "Mu ma duk mun karkace."

Ya sa aka kira Malam Kailu, limamin masallacin layin, ya ce ya zama shaida: ɗakin nan na Hajo ne muddin tana numfashi, in ya so bayan ranta su ta da benensu har ya taɓo gajimare. Ya laluba aljihu ya fiddo mabuɗin ya miƙa mata. Ya nemi goro, aka kawo, amma yatsunsa suka kasa fasawa. Ya yi ƙoƙari, ya sake, goron ya gangara ƙasa. Shamsuddin ya ɗauka ya sa a aljihu.

Tsakanin azahar da la'asar Alhaji Kalla ya cika, a nan ƙarƙashin mangwaron, Malam Kailu na karanta masa Yasin.

Aka yi zaman makoki irin na da. Tsoffin fataken goro suka zo daga Ajame da Abobo, wasu a kan sanda, wasu jikoki na riƙe da su. Aka baza tabarmi har bakin titi. Hajo ta soya waina ba ta sayar da ko ɗaya ba. Amma duk lokacin da ta ga Shamsuddin na magana da wani mai kwat, sai ta lalubi mabuɗin a bakin mayafinta. Wanda ya yi alkawari ya tafi. Gida yanzu na magada ne, inshorar ma za ta koma sunan sabon mai gida.

Ranar sadakar bakwai, bayan an naɗe tabarmi, tana ɗaki tana tsince shinkafa aka ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum. Inna, kina ciki?"

Ta buɗe. Ƙofar ta ja ƙasa ta yi ƙara. Shamsuddin ya tsuguna a bakin dokin ƙofa, ya fiddo goron nan, ya ɗan yanƙwane. Ya sa babban yatsa ya fasa shi gida biyu, ya miƙa mata rabi da hannu bibbiyu, ya jefa rabin a baki.

"Gobe zan turo kafinta ya daidaita ta," ya ce yana taunawa.

"Kada ka turo kowa."

Ya tashi ya tafi. Hajo ba ta da haƙoran goro yanzu. Ta ƙulle rabin a bakin mayafinta, kusa da mabuɗin, ta tura ƙofar ta rufe. Ta saman inda ta karkace, wani siririn hasken la'asar ya shigo ya kwanta bisa keken ɗinkin Babani.